Likita ya ce a huda ɓawon tayin da leza: in sayar da zinaren Inna in biya?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 37, shekara 11 ke nan da aurena, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Bara ni da maigidana muka tattara abin da muke da shi muka je wani asibitin kuɗi aka yi mana aikin IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a saka tayin a mahaifa. An samu tayi biyar. Sau biyu ana saka min ɗaya-ɗaya, duk bai zauna ba. Saura uku a daskare. Yanzu likita ya ce wataƙila ɓawon tayin ne ya yi tauri, don haka wannan karon a huda shi da leza kafin a saka, kuma a saka biyu lokaci guda. Kuɗin sakawar mun haɗa da ƙyar, na lezar ne babu. Maigida ya ƙi yarda, ya ce kada a ƙona masa ɗa ko a haife shi da nakasa. Yau kwana huɗu ba ma magana sai gaisuwa. Danginsa kuma sun fara zancen ƙarin aure a gabana. Abin da ya rage min shi ne sarƙa da 'yan kunnen zinare da marigayiya Innata ta bar min. In sayar in biya ko da bai sani ba? Ina tsoron idan ban yi ba, kuma ya sake ƙin zama, zan zargi kaina har in mutu.

Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya share miki hawaye.

Ba zan ja miki rai ba. Kada ki sayar da zinaren nan saboda hujin leza, kuma kada ki yi komai a kan tayin nan a bayan idon mijinki. Amma jimlarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya min a rai, domin na san idan na ce miki "kada ki yi" kawai na yi shiru, zargin kan nan zai bi ki har ɗaki. Shi ya sa zan faɗa miki dalili dalla-dalla, yadda duk abin da ya faru gobe za ki san da saninki kika yanke shawara.

Bari mu fara da abin da ake hudawa. Ƙwan mace yana da wani siririn ɓawo mai laushi da ya lulluɓe shi, likitoci na kiransa zona. Ƙwan gaba ɗaya bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da kaɗan ba, shi kuwa ɓawon kaurinsa bai kai kwatan kaurin silin gashi ba. Bayan maniyyi ya shiga, ɓawon nan yana rufe ƙofa don kada wani ya ƙara shiga, sannan ya riƙe ƙwayoyin halittar wuri guda yayin da suke rarrabuwa, biyu, huɗu, takwas. Wajen kwana na biyar zuwa na shida tayin yana cika da ruwa, ya kumbura, ɓawon ya yi siriri har ya tsage, tayin ya fito. Sai ya fito ne yake iya manne wa bangon mahaifa. Kusan kowane ɗan Adam da kika gani yana tafiya a ƙasa ya yi wannan ƙyanƙyasar a cikin mahaifiyarsa, ba tare da kowa ya taimaka masa ba.

A 1990 wani masanin tayi mai suna Jacques Cohen da abokan aikinsa a Amurka suka kawo tunanin cewa wataƙila wasu tayin da aka haɗa a ɗakin gwaji suna kasa fasa ɓawon nan, don haka a buɗe musu 'yar ƙofa. Da farko da siririyar allurar gilashi ake yi, ko a ɗiga wani ruwa mai cin ɓawon. Daga baya aka koma amfani da hasken leza, domin ya fi sauri kuma ya fi daidaito. Ana ɗora tayin a faranti ƙarƙashin madubin ƙara girma, ma'aikacin ya saita wurin a allon kwamfuta, ya harba haske na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya yi ƙaramin huji ko ya kankare gefe guda na ɓawon. A ɗakin gwaji ake gamawa. Hasken ba ya taɓa jikinki ko kaɗan, kuma ranar sakawa ba za ki ji wani bambanci ba.

Ki isar wa maigida wannan, domin na fahimci tsoronsa. Mutum ya ji an ce leza, a kunnenmu kamar an ce reza, kuma aka ce a kan ɗansa za a ɗora, dole gabansa ya faɗi. Gaskiyar ita ce ɓawon ake nufa, a gefen da ya fi nisa da ƙwayoyin tayin. Akwai ɗan haɗarin zafin ya lahanta wasu ƙwayoyin idan aka harba kusa da su, amma a hannun gwani abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma binciken da aka yi bai nuna yaran da aka haifa ta wannan hanya sun fi sauran nakasa ba. Wato abin da yake tsoro ba shi ne babbar matsalar aikin ba. Duk da haka ƙin da ya yi ya faɗo daidai, ta wata ƙofa daban.

Matsalar ita ce shekara fiye da 30 ana wannan aikin, har yau ba a tabbatar yana ƙara yawan matan da ke komawa gida da jariri ba. Ki riƙe wannan ma'aunin da kyau: goyo. Gwajin jini ya nuna ciki ya shiga abin farin ciki ne, amma ke ba takardar gwaji kika je nema ba. A 2021 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci na duniya ta tace shi, ta haɗa gwaje-gwaje 39 da aka yi a kan mata fiye da 7,000. Ta ga alamar cewa shigar ciki na iya ɗan ƙaruwa, amma da aka zo kan haihuwar ɗa mai rai sai lissafin ya tsaya haka: idan mata 28 cikin 100 ke haihuwa ba tare da huji ba, masu hujin suna tsakanin 27 da 34. Kin ga ƙasan lissafin ma ya gaza na waɗanda ba a yi wa komai ba. Da irin wannan sakamakon ba a iya rantsuwa cewa akwai amfani.

Za ki ce ai wannan na kowa da kowa ne, ke kuwa an saka miki sau biyu bai zauna ba, kuma tayinki a daskare yake. Nan ne ya kamata a yi wa likitanki adalci, domin bai tsinci maganar a hanya ba. Shekaru da yawa ana ganin mata irinki su ne suka fi dacewa da hujin: wadda ta haura 37, wadda aka saka wa sau da yawa bai kama ba, da wadda aka daskarar da tayinta, saboda ana zaton daskarewa na ƙara wa ɓawon tauri. Wasu ƙananan binciken farko sun goyi bayan haka. Sai dai an zo an gwada waɗannan rukunan su kaɗai. A ƙasar Holan aka ɗauki ma'aurata kusan 600 waɗanda aka sha saka musu bai zauna ba, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka huda da leza, rabi aka bari, su kansu ba su san rukuninsu ba. Sakamakon ya fito a 2023, kuma ba a ga bambancin da za a dogara da shi a yawan haihuwa ba. A 2024 wani gwajin daga Italiya ya fito, shi kuma a kan tayin kwana biyar da aka daskarar aka narkar, wato daskararre kamar naki, nan ma hujin bai ƙara haihuwa ba.

Shi ya sa manyan hukumomin wannan fanni suka tsaya inda suka tsaya. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, tun 2004 ta ce ba ta ba da shawarar a yi ba. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka a 2022 ta ce kada a mayar da shi abin yi wa kowa. Takwararta ta Turai a 2023 ta sa shi cikin ƙare-ƙaren da ba ta goyon baya. Waɗannan ƙasashe ne masu arziki da na'urar ba ta wuyar samu. Idan su da ke da hali ba a ce musu lallai su yi ba, ban ga dalilin da zai sa ke ki rabu da abin da Inna ta bar miki ba.

Duk wadda ta taɓa kiwon kaji ta san wannan. Kaza ta kwanta kwana 21, 'yan tsaki sun fito, saura ƙwai biyu ko uku shiru. Wani lokaci ka kara a kunne ka ji motsi, ka ɗan fasa masa, ya fito. Amma sau nawa aka fasa aka tarar tun farko ɗan tsakon bai haɗu ba? A tayin ɗan Adam ma mafi yawan ƙin zama daga ciki yake. Kowace ƙwayar halittarmu tana ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan wajen rabo aka samu ƙari ko ragi, tayin zai iya yin kyau a ido, likita ya ba shi maki mai kyau, amma ya tsaya da girma bayan 'yan kwanaki. Wannan kuskuren yana ƙaruwa da shekarun mace. A shekaru irin naki, kusan huɗu zuwa biyar cikin kowane tayi goma suna da shi. Huji a ɓawo ba ya gyara abin da ke ciki.

Ki sake karanta wannan lissafin a hankali, domin a cikinsa ne amsar zargin kanki take. Idan kusan rabi ba za su zauna ba ko me aka yi, kuma cikin lafiyayyun ma ba duka ke kamawa ba, to tayi biyu su ƙi zama a jere abu ne da ke faruwa ga mata da yawa masu lafiyayyar mahaifa. Likitoci da dama ba sa ma kiran abin "yawan ƙin zama" ga mace mai shekarunki sai an kai sakawa uku ko huɗu. Ba don kin hau Keke Napep ba ne, ba don kin sunkuya kin yi shara ba, ba don kin yi kuka a daren da aka faɗa miki magana ba. Na san mata na ƙirga waɗannan abubuwan ɗaya bayan ɗaya idan dare ya yi. Ki ajiye su. Kuma kina da uku a ajiye, wanda mata da yawa ke gama zagaye guda ba su samu ko ɗaya na ajiya ba.

Ga wani abu da zai rage miki gaggawa. Tayin da ke cikin ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ba ya tsufa. Shekarun da kike da su ranar da aka ɗebi ƙwan su ne shekarunsa, ko da an jima ba a saka ba. Jinkirin wata ɗaya ko biyu ba zai rage masa komai ba, sai dai kuɗin ajiya. To ki yi amfani da wannan sararin a duba gonar kafin a sake shuka.

Ki tambayi likita ko an taɓa leƙa cikin mahaifarki da ƙaramar kyamara, ko an yi hoton da ake zuba ruwa a ciki don a ga ramin sosai. Ƙarin mahaifa ya yi yawa a tsakanin matanmu baƙaƙen fata, kuma wanda ya turo cikin ramin mahaifa yana hana tayi zama, haka ma tsiron nama da mannewar bango. Ki tambaya musamman game da bututun ƙwai. Idan bututu ya toshe ya tara ruwa, ruwan yana gangarowa cikin mahaifa, kuma an tabbatar yana rage damar IVF da kusan rabi. Idan aka cire bututun ko aka ɗaure shi, damar tana dawowa. Toshewar bututu sanadiyyar tsohon ciwon sanyi na cikin manyan dalilan rashin haihuwa a ƙasashenmu, don haka wannan tambayar ta fi ta leza muhimmanci nesa ba kusa ba. Ki ji kaurin shimfiɗar mahaifarki a ranakun da aka saka miki. Likitoci sun fi son ya kai milimita 7 ko fiye. A duba sinadarin maƙoshi da sukari. Idan an riga an yi duk waɗannan kuma lafiya, alhamdu lillahi, sai ki shiga sakawa ta uku da kwanciyar hankali. Idan ba a yi ba, nan ya kamata kuɗi ya tafi.

Game da lezar kanta, ki yi masa tambaya cikin ladabi, ba da sigar tuhuma ba: "Likita, a tayina ukun nan an ga ɓawon ya yi kauri fiye da kima ne, ko ana yi wa duk wadda aka narkar wa?" Da kuma: "Cikin matan da kuka yi wa, nawa suka haihu, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba?" Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba ya ga wani abu na musamman a ɓawon tayinki, wannan magana ce da za ku zauna ku uku ku auna, kuma kina da damar neman a sassauta kuɗin ko ki kai takardunki wurin wani likitan ya duba. Idan amsar ita ce "mu dai gwada ko Allah zai sa a dace", to kin san matsayin abin. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma a fannin nan ana yawan miƙa wa mata ƙare-ƙare masu tsada daidai lokacin da ba sa iya cewa a'a. Sau da yawa ba mugunta ba ce, shi ma likitan yana son ya ga ya yi wani abu sabo bayan faɗuwa biyu. Amma aljihunki ne ke ɗaukar nauyin.

Saboda masu karatu, akwai inda lezar ke da aiki na gaske. Ma'auratan da dukansu AS ne, masu gudun haifar ɗa mai sikila, idan suka zaɓi a gwada tayi kafin a saka, dole a buɗe ɓawon a ciro 'yan ƙwayoyi kaɗan a kai gwaji, kuma da leza ake buɗewa. Can ƙofa ce ta ɗaukar samfur. Wannan daban yake da abin da aka ce a yi miki.

Sai maganar saka biyu, wadda kika ambata a wuce, ni kuwa ta fi damuna. Mu Hausawa muna son tagwaye, kuma wadda ta yi shekara 11 tana jira idan aka ce mata Hassan da Husaini sai ta ji kamar an biya ta bashi. Amma cikin tagwaye fiye da rabinsu kafin lokaci suke zuwa, kuma hawan jini da jijjigar masu ciki sun fi kama uwar tagwaye, balle mai cikin fari da ta doshi 40. Bakwaini biyu a kwalba, a asibitin kuɗi, ya fi ƙarfin sarƙa da 'yan kunne. Binciken Cochrane ɗin nan ya ga alamar cewa hujin na ɗan ƙara yawan cikin da ya wuce ɗa ɗaya, kuma an daɗe ana tattauna ko yana sa tayi guda ya rabe biyu. Haɗa huji da saka biyu tara haɗari ne wuri guda. Saka su ɗaya bayan ɗaya yana ba ki dama uku, kuma idan aka haɗa lissafi ba ya rage yiwuwar ki samu ɗa. Na san kowace sakawa da kuɗinta, wannan gaskiya ne, ku faɗa wa likita ƙarara ku ji yadda za a tsara. Idan akwai ranar da zinaren Inna zai fita daga akwati, ranar da ake buƙatar kuɗin sakawa ta huɗu ce ko gyaran bututu, kuma da sanin mijinki.

Kan ɓoye masa kuwa, a'a. Tayin nan naku ne ku biyu, kuma asibitin da ya san aikinsa zai nemi sa hannunsa. Ki yi tunanin ranar da zai gani a takardar biya. Idan ciki ya zauna, zai riƙa kallon jaririn yana neman aibu. Idan bai zauna ba, kin ba masu zancen ƙarin aure abin faɗa. Mutumin da ya zuba abin da ya mallaka a wannan nema, ya kuma ce "ɗana" a kan abin da ido ba ya gani, yana tare da ke. Shirun kwana huɗun nan na mutum biyu ne da suka gaji, kowa na tsoron asara ta fuskarsa. Ke za ki iya buɗe ƙofar. Bayan isha, idan ya ci abinci, ki ce masa: "Na bincika, ba ya ƙona yaro, amma kuma ba a tabbatar yana da amfani ba. Na haƙura da shi. Ina son ka raka ni wurin likita mu yi wasu tambayoyi." Sannan ki roƙe shi abu guda, cewa maganar danginsa shi zai tare ta. Ba sai ya yi faɗa da kowa ba. Ya samu Hajiya su biyu ya ce mata ana kan magani, a daina tayar da zancen a gabanki. Daga bakinsa kalma ɗaya ta fi goma daga naki, kuma ke ba ki da ƙarfin yaƙi biyu a wannan watan.

Ki ci gaba da shan folik asid da duk magungunan da aka rubuta miki a kan lokacinsu, kada ki haɗa da jiƙe-jiƙen da ba ki nuna wa likita ba. Ki riƙe addu'ar Annabi Zakariyya da ke cikin Suratul Anbiya, "Rabbi la tazarni fardan wa anta khairul warisin", ni ma zan sa ki a tawa. Ki samu mace ɗaya amintacciya, yaya ko aminiya, wadda za ta zauna da ke a kwanakin jiran sakamako, domin kwanakin nan goma zuwa sha huɗu sun fi allurai wuya.

Kafin ranar ganin likita ki rubuta tambayoyin a takarda: kyamarar mahaifa, ruwan bututu, kaurin shimfiɗa, abin da aka gani a ɓawon tayinki, da kuɗin saka ɗaya-ɗaya. Ki ba maigida kwafi ya riƙe, don idan kuka ya toshe miki murya shi ya ci gaba da karantawa. Ku nemi a ba ku rahoton ɗakin gwaji na tayin biyar ɗin a rubuce, haƙƙinku ne. Idan kun dawo ki rubuto min abin da aka ce.

Antinki